Yadda Ake Ceto Bayanai Daga Kwamfutar Tafi-da-gidanka Idan Ta Mutu

Gabatarwa

An tanadi wannan shafi ne domin ma'aikatan ofisoshin magajin gari, da na cibiyoyin kiwon lafiya, da malaman makaranta, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma da na mata a gundumomin Tasawa da Mayahi cikin jihar Maraɗi, da ma duk wanda aikinsa kacokan yake cikin kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya. Idan ka danna maɓallin kunnawa kwamfutar ta ƙi amsawa, abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, mutuwar kwamfuta daban, mutuwar abin da ke cikinta daban. Rubuce-rubucenka da lissafinka da hotunanka suna zaune ne a cikin wani ɗan ɓangare da ake kira faifan ajiya, wanda masu gyara a Nijar suka fi sani da sunansa na Faransanci, wato disk dur. A yawancin kwamfutoci ana iya cire wannan faifai a haɗa shi da wata kwamfuta a kwashe abin da ke ciki.

Sau da yawa bayanan suna nan lafiya a ranar da kwamfutar ta tsaya, sai dai a hallaka su daga baya wajen gaggawar gyara. Saboda haka ƙa'idar da wannan shafi ya ginu a kanta ita ce: a fara ceto bayanai, sannan a yi zancen gyaran kwamfuta.

Me ya sa abin yake da muhimmanci?

Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, ayyuka da dama sun dawo hannun ofisoshin magajin gari, kamar na Tasawa da Korgom da Urafan da Maijirgi, ko na Mayahi da Kanambakashe da Sarkin Hausa da Isawan. Daga cikin ayyukan akwai rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da lissafin haraji da kasafin kuɗi. Haka kuma kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka kafa a ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, suna riƙe da bayanan sayar da gonaki da jingina da gado da iyakokin burtali. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jihar Maraɗi a 1991, akwai masu bin diddigin lissafinsu. Tun daga ƙarancin abinci na 2005 kuma, jerin sunayen gidajen da za su sami tallafi da na yaran da ake yi wa jinyar tamowa ya zama wani babban ɓangare na aikin ma'aikatan raya karkara.

Yawancin waɗannan bayanai suna da tushe a takarda, amma tattararren jadawalin da ake aiki da shi kullum yana cikin kwamfuta. Idan ya salwanta, sai a koma ƙauye-ƙauye ana sake ƙidaya, rabon tallafi ya makara, ko kuma rikicin gona ya tashi a rasa inda za a duba da sauri.

Me ke kashe kwamfutoci a wannan yanki?

Zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Selshiyos. Kwamfutar da aka ɗora a kan katifa ko tabarma ba ta samun iska ta ƙasa, sai kayan cikinta su yi ta gasuwa.

Ƙura. Hazon hunturu da guguwar farkon damina suna cusa ƙura a cikin fanka har ta toshe. Alamar haka ita ce kwamfuta ta riƙa kashe kanta bayan ɗan lokaci da kunnawa.

Wutar lantarki. An daɗe ana jawo babban kaso na wutar yankin Maraɗi da Damagaram daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A watan Agusta na 2023 an yanke wannan wuta sakamakon takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba ta dawo ba sai cikin 2024, ofisoshi da yawa kuwa suka koma ga janareta da hasken rana. Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, da janaretan da ba ya ba da wuta daidai, suna ƙona caja ko babban allon kwamfuta. Tsawar damina ma takan biyo waya ta yi ɓarna.

Jijjiga da faɗuwa. Wanda ya rufe kwamfuta ba tare da ya kashe ta ba, ya saka ta a jaka ya hau babur a kan hanyar yashi ko ta birji, yana iya raunata faifan da ke juyawa a ciki.

Abin lura a nan shi ne, zafi da ƙura da wuta sun fi kashe caja da batir da babban allo, faifan kuwa sau da yawa yakan tsira. Faɗuwa da jijjiga su ne suka fi taɓa faifan kansa.

Ka san irin faifan da ke cikin kwamfutarka

Faifai mai juyawa. Faɗinsa kamar santimita 7 ne, tsawonsa kuma santimita 10. A cikinsa akwai faranti na gilashi ko na alminiyum da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya. Wata ƴar allura ce ke karatu da rubutu a kansa, kamar dai ta garmaho, sai dai ita ba ta taɓa farantin. Tana shawagi ne a samansa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashi sirantaka sau dubbai. Shi ya sa ƙwayar ƙura ɗaya ko bugu ɗaya ya isa ya karce farantin. Yawancin irin wannan faifai suna da mahaɗi da ake kira SATA, wanda ya fara yaɗuwa daga 2003. Tsofaffin kwamfutoci na kafin wannan lokaci, da wasu na ƴan shekarun bayansa, suna da mahaɗin IDE mai haƙora 44.

Faifan SSD. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, ƙananan ƙwayoyin lantarki ne ke riƙe bayanai. Ba ya ƙara, jijjiga kuma ba ta cika yi masa illa ba, amma idan zai mutu yakan mutu farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Akwai mai siffar faifai mai juyawa da mahaɗin SATA, akwai kuma siriri mai kama da ɗan guntun rula da ake kira M.2, wanda galibi faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa milimita 80. Shi M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kowanne da gidan da ya dace da shi.

Ajiyar da aka liƙe. A wasu ƙananan kwamfutoci masu araha, da kuma sababbin kwamfutocin Apple, an liƙa ajiyar a jikin babban allo da dalma. Ba a cire ta. Hanyar ceto bayanai a nan ita ce ƙwararre ya gyara allon har kwamfutar ta tashi ko da na sa'a ɗaya ne.

Lambar samfurin kwamfutar tana rubuce a ƙasanta. Da wannan lamba za a iya bincika irin faifan da ke ciki da yadda ake buɗe ta.

Abubuwan da za ka yi a sa'ar farko

1. Ka daina kunnawa da kashewa. Idan faifan ne ke da rauni, kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi.

2. Ka cire caja. Idan batirin na waje ne, ka cire shi.

3. Idan ruwa ko shayi ne ya zuba, ka kashe ta nan take, ka kifar da ita a buɗe a inuwa. Kada ka shanya ta a rana ko kusa da wuta, kada kuma ka gwada kunnawa don ka ga ko ta warke.

4. Ka rubuta abin da ya faru a takarda: yaushe ta tsaya, me ake yi a lokacin, ko ta faɗi, ko an ɗauke wuta, ko an ji ƙauri, da saƙon da ta nuna a fuskarta.

5. Ka rubuta jerin fayilolin da suka fi muhimmanci da inda suke. Wannan jeri zai yi maka amfani idan faifan bai ba da lokaci mai tsawo ba.

6. Idan kwamfutar ta ofis ce, ka sanar da shugabanka kafin kowa ya taɓa ta.

Kwamfutar ce ta mutu ko faifan?

Alamu za su nuna maka inda matsalar take.

Babu haske, babu motsin fanka, babu komai. Wannan ya fi nuni ga caja ko batir ko babban allo. Ka gwada wata caja mai ƙarfin wuta iri ɗaya da tata. Adadin yana rubuce a jikin cajar, galibi bolt 19 ko 19.5. Ka kuma cire caja da batir, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja kaɗai ka gwada sau ɗaya.

Fitilu suna kamawa, fanka tana juyawa, amma fuskar baƙa ƙirin. Mai yiwuwa fuskar ce ta lalace. Ka haɗa kwamfutar da talabijin ko wata fuska ta mahaɗin HDMI ko VGA. Idan hoto ya fito, sai ka kwashe bayananka nan take.

Tana tashi amma Windows ya ƙi buɗewa, ko ta yi ta sake tashi. Wataƙila tsarin Windows ne ya rikice, wataƙila kuma faifan ya fara gajiya. A nan ne aka fi yin kuskure, domin maganin da aka saba bayarwa shi ne a sake zuba Windows, wannan kuwa yana iya shafe komai.

Tana cewa ba ta ga faifai ba. Ko dai faifan ya goce daga mahaɗinsa, ko kuma ya lalace.

Ana jin ƙas-ƙas-ƙas a jere, ko ƙarar gurza, ko wani siririn kuka. Wannan alama ce ta cewa allura ko injin faifan ya sami rauni. Ka kashe ta nan take. Babu wata manhaja da ke gyara wannan.

Hanya ta farko: cire faifan a haɗa shi da wata kwamfuta

Wannan hanya ta dace idan faifan ba ya wata ƙara ta daban. Za ka buƙaci ƙaramin sukundireba, da wata kwamfuta mai lafiya wadda ke da rigakafin ƙwayoyin cutar kwamfuta, da wani faifai na waje mai isasshen fili, da kuma waya ko ɗan gida mai haɗa faifai da mahaɗin USB. Ana samun irin wannan waya wurin masu sayar da kayan kwamfuta a manyan garuruwa kamar Maraɗi da Damagaram, da Katsina da Kano. Ka tabbata ka sayi wadda ta dace da irin faifanka. Wutar USB takan ishi faifan kwamfutar tafi-da-gidanka.

1. Ka zaɓi ɗaki mai tsabta, ka rufe tagogi, ka yi aiki a kan tebur. A lokacin hunturu busasshiyar iska tana tara wani ɗan lantarki a jikin mutum da tufafinsa, irin wanda kake jin tartsatsinsa idan ka taɓa ƙofar mota. Wannan ya isa ya ƙona kayan cikin kwamfuta. Ka taɓa ƙofar ƙarfe ko famfon ƙarfe kafin ka fara, kuma ka riƙa maimaitawa.

2. Ka cire caja da batir. Idan batirin na ciki ne, da zarar ka buɗe murfin ƙasa sai ka fara zare wayarsa. Idan ka ga ya kumbura, kada ka matsa shi ko ka huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

3. Ka ɗauki hoton cikin kwamfutar da wayarka kafin ka kwance komai, ka kuma jera sukurorin a faranti bisa tsarin da ka cire su.

4. Ka kwance sukurorin da ke riƙe da faifan, ka zare shi a kwance ba tare da lanƙwasawa ba. Ka riƙe shi ta gefe, kada yatsunka su taɓa koren allon da ke ƙasansa.

5. Ka haɗa shi da wayar, ka ajiye shi a kwance a kan tebur, sannan ka soka wayar a kwamfuta mai lafiya. Ka tabbata batirinta a cike yake, don kada ɗaukewar wuta ta katse aikin.

6. Ka saurara. Idan ka ji ƙas-ƙas, ka zare nan take.

7. Idan kwamfutar ta ce sai an yi wa faifan fomatin kafin a yi amfani da shi, ko ta nemi ta bincika ta gyara shi, ka ƙi. Fomatin share faifai ne, gyaran kuma rubutu ne a kan faifan da ba a riga an kwashe ba.

8. Idan faifan ya buɗe, ka shiga foldar masu amfani, wadda ke fitowa da sunan Utilisateurs a Windows na Faransanci, ka nemi sunanka. A nan za ka tarar da Bureau da Documents da Téléchargements da Images. Idan ta ce ba ka da izinin shiga, ka danna maɓallin ci gaba da asusun mai kula da kwamfutar.

9. Ka fara da fayilolin da ke cikin jerinka, kaɗan-kaɗan, sannan sauran. Kwafa za ka yi, kada ka yanke ka liƙa.

10. Ka duba ko faifan yana da wani sashe na biyu, irin wanda ake gani da harafin D, domin mutane da yawa a can suke ajiya. Manhajojin lissafin kuɗi da na rajista da na wasiƙu kuma sukan ajiye bayanansu a ɓoyayyun folda kamar AppData da ProgramData. Ka sa a nuna ɓoyayyun folda, ka kwashe su su ma.

11. Ka buɗe wasu daga cikin fayilolin da ka kwafa don ka tabbatar suna aiki, sannan ka yi kwafi na biyu a wani wuri.

Hanya ta biyu: tayar da kwamfutar daga kile USB

Idan kwamfutar tana tashi amma Windows ne ya ƙi buɗewa, ba lallai ne a kwance ta ba. Ana iya saka tsarin Linux, misali Ubuntu wanda kyauta ne, a kan kile USB, wato abin da ake kira filas a Najeriya, a tayar da kwamfutar daga gare shi. Da ya buɗe zai ba ka zaɓi biyu, gwadawa ko girkawa. Ka zaɓi gwadawa, domin girkawa na iya shafe faifan. Daga nan za ka ga faifan ciki kamar kowace folda, sai ka kwashe abin da kake so zuwa faifai na waje. Saukar da Ubuntu yana cin gigabait da dama, saboda haka ya kyautu kowane ofishi ya shirya irin wannan kile tun kwamfutocinsa suna lafiya, ya ajiye shi a aljihun tebur.

Idan faifan yana da rauni

Wani lokaci faifan yakan buɗe amma ya yi ta jan jiki, ko kwafi ya tsaya a tsakiya, ko ya ɓace ya sake bayyana. Wannan faifai ne mai gab da mutuwa, kuma sa'o'in da suka rage masa ƙidayayyu ne. Abin da masana ke yi shi ne su ɗauki hoton faifan baki ɗaya, wato kwafinsa tun daga farko har ƙarshe, zuwa wani faifai mai lafiya wanda ya kai shi girma ko ya fi shi, sannan su ajiye mai raunin su yi aiki a kan kwafin. Manhajar da aka fi sani da wannan aiki ita ce GNU ddrescue, wadda ke aiki a kan Linux. Tana fara kwashe wurare masu lafiya, ta tsallake masu wuya ta dawo musu daga baya, tana kuma rubuta inda ta tsaya, ta yadda ko an ɗauke wuta za ta ci gaba daga nan. Sai dai aiki ne na wanda ya iya, domin idan aka juya sunayen faifan biyu, wofin ne zai hau kan mai bayanai.

A kan kwafin ne ake amfani da manhajojin nemo fayiloli. TestDisk da PhotoRec, waɗanda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya ƙirƙira, kyauta ne. TestDisk yana dawo da sashen faifai da ya ɓace. PhotoRec yana tono fayiloli ko da tsarin folda ya rushe, amma yakan dawo da su ba tare da sunayensu na asali ba, sai an zauna an tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Ka tuna cewa a faifai mai juyawa, fayil ɗin da aka goge yana nan har sai an rubuta wani abu a gurbinsa. Don haka kada a girka manhajar ceto a kan faifan da ake son cetowa, kada kuma a mayar da abin da aka ceto a kansa. A faifan SSD kuwa, tsarin yakan share gurbin abin da aka goge cikin ɗan lokaci, saboda haka dawo da shi yana da wuya ƙwarai.

Faifan da aka kulle

Windows yana da wani makulli mai suna BitLocker wanda ke rikiɗa duk abin da ke cikin faifai ta yadda ba mai karanta shi sai mai mabuɗi. Daga fitowar Windows 11 ta 2024, makullin yakan kunna kansa a kwamfutoci da yawa idan an shiga da asusun Microsoft, ko da mai kwamfutar bai lura ba. Idan ka haɗa irin wannan faifai da wata kwamfuta, za ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Ka neme shi a cikin asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi, ko wurin mai kula da kwamfutocin ƙungiyarku, ko a takardar da aka buga lokacin saita ta. In babu wannan mabuɗi, babu mai gyaran da zai iya buɗe faifan. Saboda haka idan kwamfutarka tana lafiya a yau, ka duba ko makullin a kunne yake, ka buga mabuɗin a takarda ka adana shi inda ake adana muhimman takardun ofis.

Abubuwan da ba a yi

Kada a kwance murfin ƙarfen faifai mai juyawa. Ana buɗe shi ne kawai a ɗaki na musamman mai tace iska.

Kada a saka shi a firiji. Raɓar da za ta taru a ciki idan an fito da shi tana ƙara lalata farantin.

Kada a buga shi ko a girgiza shi da nufin allurar ta saki.

Kada a ɗauko koren allon wani faifai a ɗora masa haka kawai. Kowane faifai yana da bayanan saitinsa a cikin wata ƴar ƙwaya da ke kan allon, sai an mayar da ita kan sabon allo kafin ya yi aiki.

Kada a sake zuba Windows kafin a kwashe bayanai. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Idan za ka kai wa mai gyara

Ka faɗa masa tun farko, a gaban shaida in da hali, cewa bayanai kake so, kuma ba ka yarda a yi fomatin ko a sake zuba Windows ba. Ka rubuta lambar faifan da ke jikin takardarsa kafin ka miƙa. Ka tafi da naka faifan na waje, ka nemi a yi kwafin a gabanka, a kuma goge duk abin da ya rage a kwamfutar shagon. Idan kwamfutar kaɗai ke buƙatar gyara, ka cire faifan ka riƙe shi a hannunka. Wajen tafiya, ka naɗe faifan a tsumma mai laushi, ka saka shi a ƙaramin kwali, kada ya yi ta karo da kaya a bayan babur ko mota.

Faifan da ke ƙas-ƙas sai kamfanonin ceto bayanai masu ɗakin tace iska. Aikinsu yana da tsada, sau da yawa ya fi kuɗin sabuwar kwamfuta, kuma ba su ba da tabbacin nasara. Idan ba a da halin haka yanzu, a ajiye faifan a kashe a busasshen wuri har a samu. Ajiya ba ta ƙara masa rauni kamar yadda gwaje-gwaje ke yi.

Akwai kuma batun amana. Sunayen marasa lafiya, da jerin gidajen mabuƙata, da takardun gado, sirrin mutane ne. Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri na jama'a a 2017, ta sabunta ta a 2022, tare da hukumar HAPDP mai sa ido a kan haka. Wanda aka damƙa wa irin waɗannan bayanai shi ke da alhakin tsare su, ko da kwamfutar ta mutu. Kada a sayar da matacciyar kwamfuta ga masu sayen tsofaffin kaya alhali faifan yana ciki.

Idan faifan bai cetu ba

Kafin ka fid da rai, ka bi sawun inda fayilolin suka taɓa zuwa. Ka duba wasiƙun intanet da ka aika, da saƙonnin WhatsApp a wayarka da ta abokan aiki, da kile-kilen USB na ofis, da kwamfutar shagon da kuke buga takardu, da rahotannin wata-wata da aka aika wa gunduma ko Maraɗi ko Yamai. Sannan a koma ga rajistocin takarda a cike giɓin da ya rage. Idan ka soka kile ka ga foldojinsa sun koma gajerun alamomi, kada ka yi masa fomatin. Wata sananniyar ƙwayar cuta ce ke ɓoye su, fayilolin kuwa galibi suna nan.

Rigakafi

Ƙa'idar da masana suka fi ba da shawara a kai ita ce ta 3-2-1: kwafi 3 na kowane muhimmin fayil, a kan irin ma'aji 2 daban-daban, 1 daga ciki kuma a wani gini daban. Ga ƙaramin ofishi a Tasawa ko Mayahi, wannan yana nufin kwafin da ke cikin kwamfuta, da na faifan waje da ke kulle a kabad, da na uku a intanet ko a ofishin gunduma. A tsayar da rana ɗaya a mako, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin yin kwafin, a riƙa rubuta kwanan wata a littafi. Sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a gani ko yana aiki. Kada a ajiye faifan waje a jaka ɗaya da kwamfutar, domin ɓarawo ko ruwan sama ba zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba.

Bayan haka, a kashe kwamfuta gaba ɗaya kafin tafiya. A cire caja daga bango idan hadari ya taso ko an ɗauke wuta, kada kuma a soka ta sai janareta ya daidaita. A ɗora ta a kan tebur, a rufe ta da ƙyalle idan an tashi aiki, a kai ta a share mata fanka bayan kowane hunturu. Manhaja kamar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da faifai ke bayarwa game da kansa. Idan ta nuna gargaɗi, ko kwamfuta ta fara nauyi da ƙarar da ba a saba ji ba, a kwashe bayanai a ranar, a nemi sabon faifai.